Ƙananan tsibiran da tsuntsayen teku ke sheƙa a kansu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu son ziyartar irin waɗannan tsibirai, da masu neman aikin sa-kai a can, da kuma waɗanda suka ga hoton dutse a tsakiyar teku ya yi fari fat da tsuntsaye, suka so sanin abin da ke faruwa a kansa.

Wane tsuntsu ake kira tsuntsun teku?

Shi ne wanda abincinsa da yawancin rayuwarsa suke kan ruwan gishiri. Akwai nau'i wajen 350, kuma za mu kira su da sunayen da aka san su da su: albatros mai dogayen fukafukai, fetral da shiyawota masu haƙa rami, ganet mai faɗawa ruwa daga sama kamar an cilla mashi, fafin mai baki kala-kala, da sauransu. Ruwan teku suke sha, domin Allah ya yi musu wata 'yar ma'ajiya a saman ido da ke tace gishiri daga jini, ya fita ta hanci. Nau'in albatros mafi girma, idan ya buɗe fukafukansa, faɗinsu yakan kusa mita uku da rabi, kuma yana iya wuni yana bin iska bai kaɗa su ba sai jefi-jefi.

To in kan ruwa suke rayuwa, me ya kai su tsibiri?

Ƙwai. Tsuntsu na iya ci a kan ruwa, ya yi barci a kai, ya shekara bai ga tudu ba, amma ba ya iya ajiye ƙwai a kan igiyar ruwa. Dole sai ya sami busasshiyar ƙasa. Ɗan albatros idan ya tashi daga sheƙa yakan yi shekaru bai sake taka ƙasa ba, kuma abin da zai dawo da shi neman abokiyar zama ne da haihuwa. Saboda haka tsibirin ɗakin haihuwa ne kawai. Tsuntsayen da ke warwatse a faɗin teku na dubban kilomitoci, duk a kan 'yar ƙasar nan zuri'arsu ta rataya.

Me ya sa sai ƙaramin tsibiri mai nisa? Gaɓar teku ba ta isa ba?

A gaɓar babbar ƙasa akwai dila, akwai kyanwa, akwai ɓera da maciji da mutum. Tsibirin da ke can tsakiyar teku kuwa, da wuya mai ƙafa huɗu ya isa wurin da kansa. Shi ya sa tsuntsu ke iya ajiye ƙwansa a fili, ya bar ɗansa shi kaɗai kwana da kwanaki ya tafi neman kifi. Dalili na biyu shi ne abinci, domin da yawa daga cikin tsibiran suna kusa da inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku, ƙananan kifaye su yi yawa. Na uku iska ce: tsuntsu mai dogayen fukafukai tashi daga ƙasa yana ba shi wuya, sai ya sami gangare ko bakin dutse da iska ke bugawa.

Sai dai wannan kwanciyar hankali ta dubban shekaru ta bar musu rauni. Tsuntsun da kakanninsa ba su taɓa ganin ɓera ba bai san ya guje masa ba, bai ma san ya kare ɗansa daga gare shi ba. Mun yi bayanin abin da hakan ke jawowa a amsar da ta shafi ɓeraye.

Tsuntsaye nawa ne ƙaramin tsibiri ke ɗauka?

Adadin yakan ba mutum mamaki. Bass Rock, wani dunƙulen dutse a bakin tekun Sikotlan, an ƙirga ganet wajen 150,000 a kansa a 2014. Daga nesa sai ka ce farar ƙasa aka shafa masa, alhali tsuntsaye ne da kashinsu. Tsibirin Skomer na yankin Wales bai kai murabba'in kilomita uku ba, amma yana ɗauke da ma'auratan shiyawota kimanin 350,000. Da rana ba za ka ga ko ɗaya ba, suna cikin rami ko suna can kan teku. Sai dare ya yi duhu su dawo, sama ta cika da kukansu.

Abin da ke sa su isu shi ne kowa da wurinsa. Wasu a gefen tsagin dutse suke ajiye ƙwai ba tare da ko tsinke ba. Ganet kan tara ciyawar ruwa a fili, tsakaninsa da maƙwabcinsa daidai inda baki ba zai kai ba. Fafin da fetral su shiga ƙarƙashin ƙasa. Akan kuma yi karɓa-karɓa, wani nau'i ya gama renonsa ya tashi, wani ya sauka.

Da gaske ne tsuntsu yana komawa wurin da ya yi sheƙa bara?

Gaskiya ne, kuma sau da yawa rami ɗaya, da abokin zama ɗaya. A 1952 an ɗauki wata shiyawota daga raminta a tsibirin Skokholm na yankin Wales, aka kai ta Boston a Amurka aka sake ta. Cikin kwana goma sha biyu da rabi ta tsallake Tekun Atlantika, tafiyar sama da kilomita 5,000, ta koma raminta. A tsibirin Midway na Tekun Pasifik akwai wata albatros da ake kira Wisdom, wadda masanin tsuntsaye Chandler Robbins ya sa wa zobe a ƙafa a 1956. A ƙarshen 2024 ta sake yin ƙwai a can, tana da shekaru aƙalla 74.

Wannan riƙon wuri yana da nauyi ga masu kula da tsibiri. Idan wurin ya lalace, tsuntsayen ba sa tattara nasu-ya-nasu su nemi wani. Za su ci gaba da dawowa, suna yin ƙwai ana cinyewa, har tsofaffin su ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Ƙwai nawa suke yi? Ba za su mayar da gurbin abin da aka rasa da sauri ba?

Ba za su iya ba. Albatros da fetral da shiyawota da fafin duk ƙwai ɗaya tak suke yi. Nau'in albatros mafi girma ba ya fara haihuwa sai ya kai wajen shekara goma. Kwancin ƙwai yana cin kusan mako goma sha ɗaya, renon ɗan kuma wajen wata tara, shi ya sa shekara biyu ce ke ba su ɗa guda. Dabararsu ita ce tsawon rai, su haifi kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. Mutuwar babban tsuntsu ɗaya asara ce ta duk 'ya'yan da zai haifa nan gaba, ga ɗan da ke sheƙa wanda uwa ko uba shi kaɗai ba zai iya ciyarwa ba.

Idan aka ce tsibiri ya zama mafaka, me ake nufi?

Ana nufin hukuma ta sa doka ta hana farauta, da kwasar ƙwai, da sauka ba tare da izini ba, da shigo da dabba ko tsiro. Dokokin sun samo asali ne daga ɓarnar da aka gani. A 1844 aka kashe ma'auratan ƙarshe da aka sani na wani babban tsuntsu marar tashi da ake kira ok, a kan tsibirin Eldey kusa da Aislan, nau'in ya ƙare ke nan. A tsibirin Torishima na Japan masu cinikin gashin tsuntsu sun kashe albatros miliyoyi, har aka ɗauka a 1949 cewa nau'in wurin ya shuɗe, sai a 1951 aka sake ganin 'yan kaɗan. Irin wannan ciniki ne ya sa Shugaba Theodore Roosevelt na Amurka ya keɓe tsibiran arewa maso yammacin Hawai don tsuntsaye a 1909.

Amma sa hannu a takarda ba ya tsare tsibiri. Mafaka ta gaske ita ce wadda ke da mai zuwa ya duba, ya ƙirga, ya binciki kayan duk wanda zai sauka.

Yaya ɓera, ɗan ƙaramin abu, zai zama babbar barazana?

Tsibirin Gough shi ne misalin da ya fi tayar da hankali. Yana Kudancin Atlantika, kilomita wajen 2,600 daga Cape Town, ƙarƙashin ikon Birtaniya, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1995. Babu mazauna sai 'yan ma'aikatan tashar nazarin yanayi ta Afirka ta Kudu. A ƙarni na 19 kusa, wato ƙananan ɓerayen gida, suka sauka daga jiragen mafarauta. Da ba su da abokin gaba sai suka yaɗu, suka ƙara girma fiye da 'yan'uwansu na wasu wurare, kuma lokacin sanyi idan ƙwari da iri suka yi ƙaranci, suka koyi cin 'ya'yan tsuntsaye da ransu.

Ɗan albatros yana iya ninka kusu sau ɗari uku a nauyi. Duk da haka yana zaune a sheƙarsa suna gaigayar jikinsa dare bayan dare, bai san abin da zai yi ba, har ya mutu. Da farko masana da yawa ba su yarda ba, sai da aka ɗauki hoton bidiyo a 2004. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa tsibirin na asarar ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye kusan miliyan biyu duk shekara. Albatros na Tristan, wanda kusan dukkan zuri'arsa a nan take haihuwa, yana cikin nau'o'in da suka fi kusa da ƙarewa.

Duk wanda ya taɓa kallon wannan bidiyo ba zai ƙara ganin binciken jaka a bakin jirgi a matsayin ɓata lokaci ba. Ɓera mace ɗaya mai ciki ta isa.

Me zai hana a kai kyanwa ta cinye ɓerayen?

An gwada, kuma maganin ya fi cutar muni. A 1949 aka kai kyanwoyi biyar tsibirin Marion na Afirka ta Kudu don su rage kusa a tashar yanayi. Zuwa 1977 sun kai wajen 3,400, suna kashe dubban ɗaruruwan fetral duk shekara, tunda kama tsuntsu a bakin rami ya fi bin kusu sauƙi. Sai a 1991 aka gama kawar da su, kusan kuwa suna nan har yau, sun ma fara afka wa albatros kamar na Gough.

Tsibirin Macquarie na Ostareliya ya koyar da ɗaya ɓangaren darasin. Bayan an gama da kyanwoyi a 2000, zomaye suka yi yawa, suka cinye ciyawar da ke riƙe gangaren da tsuntsaye ke haƙa rami. Tun daga nan masana suka fi son a duba dukkan baƙin dabbobin tsibiri a tare kafin a taɓa ɗaya.

Ana iya raba tsibiri da ɓeraye gaba ɗaya?

Ana iyawa, an kuma yi a ɗaruruwan tsibirai. Yadda ake yi shi ne jirgi mai saukar ungulu ya bi layi-layi yana watsa dunƙulen hatsi mai guba, yadda babu ɓeran da tsaraba ba za ta faɗa kusa da raminsa ba. Lokacin sanyi ake zaɓa, sa'ad da yunwa ta kama ɓerayen kuma yawancin tsuntsaye suna kan teku. Tsuntsayen tudu da ake tsoron za su ci gubar akan kama wasu a killace har haɗarin ya wuce. Bayan haka a jira kamar shekara biyu, a zagaya da karnuka masu sansano ɓera, kafin a ce an yi nasara. Macquarie ya rabu da zomaye da ɓeraye da kusa a 2014. Tsibirin South Georgia na Kudancin Atlantika, wanda ya fi Macquarie girma nesa ba kusa ba, an watsa masa guba a 2011 da 2013 da 2015, aka tabbatar da nasara a 2018.

Wuyar aikin ita ce babu rabin nasara. A 2021 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da abokan aikinta suka yi wannan aiki a Gough bayan shekaru ana shiri. A watan Disamba na shekarar kyamara ta ɗauki hoton kusu guda da rai, daga baya aka ga wasu. A 'yan watannin da kusan suka yi ƙaranci, 'ya'yan tsuntsaye sun rayu fiye da yadda aka saba gani, abin da ya nuna a fili abin da tsibirin zai zama in an yi nasara. Amma sai an sake sabon lale.

Idan tsuntsaye sun riga sun ƙaurace wa tsibiri, suna dawowa?

Wani lokaci da kansu. A tsibirin Ascension na Tekun Atlantika kyanwoyin da aka kawo a 1815 sun kore tsuntsaye daga babban tsibirin, suka takure a kan wani ɗan dutse da ke gefe, Boatswain Bird Island. Dutsen nan shi ya riƙe zuri'ar har aka kawar da kyanwoyin a farkon shekarun 2000, kuma a 2012 aka ga tsuntsun firiget na Ascension ya sake sheƙa a babban tsibirin.

Inda babu saura a kusa, sai an yi dabara, domin kamar yadda muka faɗa a kan riƙon wuri, tsuntsu inda ya tashi yake komawa, kuma ba ya son sauka inda babu 'yan'uwansa. Masanin tsuntsaye Stephen Kress ya fara a 1973 yana ɗauko 'ya'yan fafin daga Newfoundland ta Kanada zuwa Eastern Egg Rock a jihar Maine ta Amurka, yana renonsu a ramukan da aka haƙa musu. Ya kakkafa gumakan fafin na katako a kan duwatsu don masu wucewa su ɗauka gari da mutane. Sai a 1981 aka ga fafin ɗauke da kifi a baki yana shiga rami, shekara takwas ke nan ana jira. A Bermuda ma, fetral ɗin da aka ɗauka ya ƙare shekaru ɗari uku da suka wuce an sake gano shi a 1951, ma'auratan ba su kai 20 ba. Da ramukan siminti da haƙurin mai kula da tsuntsayen, David Wingate, na tsawon rayuwarsa, yanzu sun haura 150.

Mene ne amfanin wannan duka ga ɗan Adam?

Tsuntsun teku yana kwaso albarkar ruwa ya sauke ta a tudu. Kashinsa taki ne mai ƙarfi, har tsibiran Chincha na Peru suka zama tushen arzikin ƙasar daga wajen 1840, Amurka kuma ta yi doka a 1856 da ta ba 'yan ƙasarta damar mallakar duk tsibirin taki da ba shi da mai shi. Takin ba ya tsayawa a tudu. Binciken da aka yi a tsibiran Chagos na Tekun Indiya, aka buga a 2018, ya gano cewa tsibiran da ba su da ɓeraye sun ninka masu ɓeraye sau 760 a yawan tsuntsaye, kuma kifin da ke cikin duwatsun murjani na ƙarƙashin ruwan kewayensu ya fi yawa da kusan rabi.

Su ne kuma ma'aunin lafiyar teku. Idan iyaye suna dawowa da ƙananan kifaye ko baki wayam, masu ƙirga a tsibiri kan riga kowa sanin cewa wani abu ya canza a ruwa.

Tsare tsibirin kaɗai ya wadatar?

A'a, domin babban tsuntsu a teku yake mutuwa. Jiragen kamun kifi suna shimfiɗa igiya mai tsawon kilomitoci da yawa, ɗauke da dubban ƙugiyoyi. Albatros ya kai wa abin da ke jikin ƙugiya cafka kafin ya nutse, igiyar ta ja shi ƙasa. Maganin kuwa ba shi da tsada: a sa wa igiya nauyi ta nutse da sauri, a shimfiɗa ta da dare, a rataya ƙyallaye masu kaɗawa a bayan jirgi su kori tsuntsaye. Da aka sa irin waɗannan ƙyallaye a jiragen jan taru na Afirka ta Kudu, mutuwar albatros ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare albatros da fetral da ta fara aiki a 2004.

Sai roba, wadda iyaye ke ɗauka abinci ce su ɗura wa 'ya'yansu. Sai murar tsuntsaye, da ta kashe dubban ganet a Bass Rock a 2022, ta kuma isa South Georgia a 2023. Cunkoson da ke kare su daga shaho shi ne ke yaɗa cutar. Tsibirai masu kwari kuma suna fuskantar ruwa: ambaliyar tsunami ta Maris 2011 ta halaka 'ya'yan albatros sama da 100,000 a Midway cikin dare ɗaya. Wani nazari na 2015 ya nuna tsuntsayen tekun da ake bibiya sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1950 da 2010.

Zan iya kai ziyara?

Ya danganta da tsibirin. Skomer yana karɓar baƙi a lokacin sheƙa, amma an ƙayyade adadin masu sauka kowace rana. Bass Rock galibi daga cikin jirgin ruwa ake kallonsa. Gough kuwa ba a sauka sai da izini na musamman, don aiki ko bincike.

Inda aka yarda ka sauka, za a buƙaci ka rufe jakarka ruf tun daga gida, a bincike ta, ka wanke takalmi, ka kakkaɓe iri da ƙasa daga aljihu da lanƙwasar wando. Kada ka kauce daga hanyar da aka shata ko da taku ɗaya, saboda ƙasar duk ramuka ce, kuma ƙafarka na iya rufta rami a kan uwa da ɗanta. Idan tsuntsu ya miƙe daga kan ƙwai saboda kai, ka matso da yawa, ja da baya, domin akwai masu shawagi a sama da ke jiran daidai wannan dama. Kada ka taɓa mataccen tsuntsu, ka sanar da mai kula da wurin. Jirgin da ya kwana kusa da tsibiri ana so ya rage fitilunsa, tunda haske na ruɗa 'ya'yan fetral a tashinsu na farko, su yi ta karo da jirgi.

Yaya ake ƙirga tsuntsun da ke cikin rami, kuma su wa ke wannan aiki?

Masu sheƙa a fili ana ɗaukar hotonsu daga sama, da jirgi ko da ƙaramin jirgi marar matuƙi, a zauna a ƙirga ɗigo-ɗigo. Manyan albatros har a hoton tauraron ɗan Adam ana ganinsu. Na cikin rami kuwa sai an durƙusa. Akan auna wasu filaye, a ƙirga ramukan ciki, a kunna kukan tsuntsun a bakin kowane rami a saurari ko za a amsa, ko a zura 'yar kyamara a kan doguwar igiya. Daga nan a lissafa na sauran tsibirin. Don sanin inda suke zuwa, akan ɗaura musu wata na'ura da ba ta kai giram biyu ba a ƙafa, mai rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta. Da ita aka gano a 2010 cewa wani ƙaramin tsuntsun teku na yankin Arewacin duniya da ake kira tan yana tafiyar wajen kilomita 70,000 a shekara. Na'urar ba ta aiko da komai, sai an sake kama tsuntsun baɗi an cire ta, abin da ba zai yiwu ba in da ba ya komawa wurinsa.

Masu aikin yawanci 'yan kaɗan ne, masana da 'yan sa-kai, suna shan ruwan sama da suka tara, wutarsu daga hasken rana ko janareta. A tsibiran kusa da gaɓa sukan yi watannin sheƙa su koma gida. A Gough jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara daga Cape Town, wanda ya sauka kuwa sai ya yi sama da shekara kafin jirgin da zai ɗauke shi ya iso da waɗanda za su canje shi.